Ranar da Na Gasa Haɓar Jikata

Ni ban zauna a aji ba ko na yini ɗaya. Wannan da kuke karantawa da baki na faɗe shi, jikata ce ta rubuta, na kuma ce mata kada ta tsallake ko'ina, har wurin da ba ya yi mini daɗi. Sunana aka sa mata. Ina ce mata takwara, tana ce mini Kaka.

Tun tana ƙarama muƙamuƙinta na ƙasa ya zarce na sama, irin na kakanta, maigidana da ya riga mu gidan gaskiya. Ni ban taɓa ganin aibu a ciki ba. Da wannan haɓar mutumin ya ci tuwo har ya tsufa, da ita ya yi waƙa a coci, da ita ya yi mini faɗa. Amma ita yarinyar haƙoranta na gaba ba sa haɗuwa. In ta zo wurin kaskona a Sabon Gari na miƙa mata ƙosai, sai ta gutsura da hannu ta cusa ta gefen baki. Rake sai an yayyanka mata ƙanana. Da ta zama budurwa sai ciwon kai ya shigo, in tana tauna kana jin ƙashin yana ƙas, ƙas, kamar ana karya tsinke.

Iyayenta suka kai ta wurin likitan haƙori, aka ɗaura mata waya a haƙora, kowane haƙori da ɗan ƙarfensa. Shekara biyu tana ɗauke da ita. Duk wata sai an je an ƙara tamkewa, ta dawo ta kwana uku ba ta shan komai sai kunu. Abin da ya ɗaure mini kai, maimakon haɓar ta koma, ƙara fitowa take yi. Na ce a raina masu boko sun san abin da suke yi.

Ana nan, ran nan matar ɗana ta sauko daga Samaru, inda suke zaune, ta same ni ina suya. Malamar makaranta ce, ba ta da yawan magana. Ta zauna a benci ta ce, "Mama, an sa ranar aikin."

Na ce, "Wane aiki kuma? Ba ga waya nan a bakinta ba?"

"Wayar haƙora kawai ta jera. Yanzu za su yanka ƙashin, su mayar da shi baya, su ɗaure da ƙusoshi."

"Su karya ƙashin da Allah bai karya ba?"

"Haka ne, Mama."

Kaskon nan duka ya ƙone a gabana ina kallo.

Dole in faɗa muku abin da ya sa maganar ta buge ni haka. Mahaifina maɗori ne a ƙauyenmu. Tun ina yarinya ni ce mai ɗora masa ruwa, ni ce mai riƙe tsumma in zai yi gashi. Na ga ƙashin da jaki ya karya, na ga wanda itace ya karya, ban taɓa jin mai lafiya ya kai kansa a karya shi ba. Abin da Baba ya koya mini kuwa bai wuce biyu ba. Sanyi ne abokin gaban ƙashi. Sannan mai ciwo shi ke gaya miki zafin ruwa. In kin ɗora tsumma ya zabura, ki sassauta. In kin ɗora ya yi shiru, to a nan sanyi ya kwanta, ki ƙara zafi har sai ya ji. Da wannan koyarwar na gasa masu jego da masu targaɗe daga Sabon Gari zuwa Jushi, har matan sojoji a Basawa suna aiko mini. Ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi.

To, aka yi aiki. Washegari ɗana ya kai ni asibiti. Na shiga ɗakin, na bi gadaje ina dubawa, na wuce na farko, na wuce na biyu, na wuce na uku. Sai ya kamo hannuna ya ce, "Mama, ga ta nan kin wuce ta."

Na juyo. Ya Ubangiji! Fuska ta cika ta batse kamar ƙwarya, idanu sun shige ciki, leɓe ya kumbura ya tsage, yawu yana bin wuya. Na leƙa ko'ina ina neman inda aka yanka, ban ga ko ƙwarzane ba. Aka ce ta cikin baki suka bi. Haƙoran sama da na ƙasa an haɗe su da 'yan robobi a jikin wayar, ko cokali ba ya shiga. A wuyanta ga ɗan almakashi a rataye da zare. Na tambaya, ma'aikaciyar jinya ta ce in amai ya taso mata, a yanke robobin da sauri kada ya shaƙe ta. Na zauna a ƙasa.

Daga nan ƙasan ne na lura da abin da aka ɗaura mata a kumatu biyu. Na taɓa. Ƙanƙara. Ƙanƙara a kan ƙashin da aka karya jiya! Na dubi ɗana, ya kawar da kai.

A kwana na huɗu aka sallame ta, na rufe kaskona na koma Samaru jinya. Ɗana yana fita aiki tun safe, matarsa kuma ɗalibanta suna jarrabawa, ba ta da halin zama. Ta zaunar da ni ta karanta mini takardar likita. Abinci sai na ruwa, a tace shi, a zuƙa a sirinji a tura ta bayan haƙoran ƙarshe, inda akwai 'yar kafa. A kuskure baki da ruwan gishiri. Ta kwanta da filo uku. Sai ta zo inda aka ce daga kwana na biyar a bar ƙanƙara, a riƙa ɗora tsumma mai ɗumi don kumburi ya sauka.

Na ce, "Yauwa. Sun dawo hanya."

Ta ce, "Mai ɗumi fa aka ce, Mama."

Na ce, "'Yar nan, tun kafin a haifi mijinki nake gashi."

Ba ta ƙara magana ba. Da ma ta ƙara.

Takwara ba ta iya magana, sai ta riƙe wani littafi da biro. Duk abin da take so sai ta rubuta ta nuna. Uwarta ta karanta, ubanta ya karanta, masu zuwa gaisuwa su karanta su yi dariya. Ni in ta nuna mini sai in gyaɗa kai. Ruwa da kunu da bayan gida duk na gane su a idonta, ban ga abin da takarda za ta ƙara mini ba.

Ranar Litinin, kwana na shida, gida ya watse da hantsi, ya rage ni da ita. Na ba ta maganinta a sirinji, irin mai sa ta barci. Na ɗora ruwa ya tafasa, na zuba a roba na sirka, na ajiye butar a gefen ƙafata. Na yago tsohon zanena mai laushi. Da ta gan ni da robar sai ta jawo littafin, ta rubuta wani abu da ƙyar, ta yage takardar ta miƙo mini. Na gyaɗa kai, na ninke ta na ƙulle a bakin zane, na ce in uwarta ta dawo ta karanta mini. Ta jingina da filo ta lumshe ido.

Na tsoma tsumma na matse. A hannuna ɗumi ne, ba ƙari. Na ɗora a kumatun dama, ta zabura. Na ce, "Sannu takwara," na fifita shi ya huce, na mayar. Na koma na hagu, ta zabura, na sassauta. Sai na sauko haɓa, ƙarƙashin leɓe, na ɗora.

Shiru.

Na danna. Shiru. Ko gira ba ta motsa ba. Na ce ga shi nan, ga aikin ƙanƙararsu, sanyi ya taru wuri ɗaya ya kwanta. Na ɗauki buta na ƙara ruwan zafi, na tsoma, na matse, na ɗora. Shiru. Na ƙara na biyu. Tururi yana tashi yana bugun fuskata, yarinya tana numfashinta a hankali kamar wadda ake yi wa fifita. Na ƙara na uku, wannan karon ban sirka ba. Na ɗora na riƙe, ina addu'a a raina, ina cewa Allah ka fitar mata da sanyin nan. Na riƙe, na riƙe.

Da na ɗaga tsumman, fatar wurin ta yi fari fat kamar an shafa toka. Ina kallo ta koma ja. Ina kallo ta fara tashi. Kafin in ajiye tsumman a roba, bororo biyu sun fito, ɗaya kamar ƙwayar gyaɗa, ɗaya ya fi babban yatsana faɗi.

Na san ƙuna. Wadda ta yi rayuwarta a bakin mai ta san ƙuna. Amma ban taɓa ganin wuta ta ci mutum yana kwance yana hutawa ba. Na kira sunanta da ƙarfi. Ta buɗe ido ta dube ni, idon yana tambayata lafiya? Ta ga fuskata, sai ta lalubo wayar salularta ta haska kanta. Ta daɗe tana kallo. Ta kai yatsa ta taɓa bororon, ta sake taɓawa, kamar haɓar wani ce. Sannan wani sauti ya fito ta tsakanin haƙoran nan da aka ɗaure, ba kuka ba, ba magana ba. Har yau in na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi.

Ta tura wa uwarta saƙo. Ba a jima ba na ji mashin ya tsaya a ƙofa, matar ɗana ta shigo da alli a hannunta. Ta dubi 'yarta, ta dubi robar da har lokacin take tururi, ta tsoma yatsa ta fizge.

"Mama! Wannan ruwan fige kaza ne!"

Sai na kwance bakin zanena na miƙa mata takardar. Ta buɗe ta karanta a zuci.

Na ce, "Karanta mini."

"Bar shi, Mama."

"Karanta mini, na ce."

Ta karanta. Kaka, daga leɓena zuwa haɓa ba na jin komai, ki yi a hankali.

Muka tari keke napep muka koma asibiti, mu uku. Ina riƙe da almakashin don kada ya riƙa bugun ƙirjinta in mun faɗa rami. Shekara biyu na waya, da wuƙa, da ƙusoshi, duk don fuskar nan ta daidaita. Ni kuma da tsumma ɗaya, a hantsi ɗaya.

Likitan da ya yi aikin ya duba, ya wanke, ya shafa magani ya rufe. Ya tambayi wanda ya yi. Matar ɗana ta buɗe baki za ta rufa mini asiri, na riga ta. Na ce ni ce, na kuma faɗa masa yadda mahaifina ya koya mini. Bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Mama, ba ni hannunki." Ya juya tafin, ya latsa.

"Me kike sana'a?"

"Ƙosai."

"Da yatsa kike juyawa wani lokaci, ko?"

"In cokali ya yi nisa."

Ya ce, "To wannan hannun ba zai sake auna wa kowa ruwa ba." Ya nuna mini gwiwar hannuna ya ce da ita zan riƙa gwadawa, in ta ji zafi ko kaɗan, to ya yi yawa. Sannan ya yi mini bayani. Akwai wata jijiya da ke bi ta cikin ƙashin, ita ke kai wa leɓe da haɓa ji. In an yi irin wannan aikin takan yi barci. Ba sanyi ba ne, ba ƙanƙara ba ce. Wata tana farkawa cikin makonni, wata sai watanni, wata ba ta farkawa duka. Ƙunar kuwa, ya ce abin tsoron shi ne kada ta ruɓe kusa da inda aka sa ƙarafa. In ta warke lafiya, tabo kam za a yi, girmansa ne ba wanda ya sani.

Na ce, "Zai ɓata mata fuska?"

Ya ce, "Mu jira mu gani."

Da muka dawo na shiga ɗaki na haɗa kayana a buhu. Ba wanda ya kore ni. Ɗana da ya dawo ya zauna a bakin ƙofa ya riƙe kai, matarsa tana kicin tana wanke tukunyar da ba ta da datti. Na ɗauko buhuna zan fita in nemi motar Sabon Gari, sai na ji an riƙe mini zane. Takwara ce, ta taso tana dafa bangon ɗaki, ga filasta a haɓa. Ta buɗe littafin nan ta nuna mini. Na ce, "Haba takwara, har yanzu takarda?"

Ta ƙara matso da shi. Ba rubutu ba ne. Kofi ta zana, da tururi yana tashi, da wata tsohuwa mai ƙaton ɗankwali ta tsoma gwiwar hannu a ciki. Ta yi wa tsohuwar hanci kamar tulu.

Na ce, "Wannan mummunar ni ce?"

Kafaɗunta suka fara rawa, dariya take yi ba baki, har ta riƙe kumatu don zafi. Na ajiye buhun.

Daga ranar zane take yi mini. Ni kuma komai sai ya bi ta gwiwar hannuna: kunun gyaɗa, romon kaza, faten wake da na tace sau biyu, har ruwan gishiri. Na koyi duba mata leɓe ta ciki da tocila, domin ƙarfen wayar yana iya cin naman ba ta sani ba, in na ga ya yi ja sai in manna wa ƙarfen ɗan kakin zuman da likitan haƙori ya bayar. Kullum da safe uwarta ke buɗe ƙunar ta wanke, ni ina tsaye ina leƙe, ina shinshina ko zan ji wari. Kwana goma ban ci abincin kirki ba.

Ranar Lahadi matan zumunta suka zo daga coci da lemo da waƙa. Ɗaya daga cikinsu, tsohuwar ƙawata mai baki, ta nuna filastar ta ce, "Ba an ce ta ciki suka yi aikin ba? Wannan kuma fa?"

Matar ɗana ta ce, "Ɗan ciwo ne."

Na ce, "Ba ɗan ciwo ba ne. Ni na ƙona ta da ruwan gashi."

A cikinsu akwai huɗu da ni na gasa su lokacin jegonsu. Ƙawar tawa ta dube ni ta ce, "Ke ɗin?" Na ce ni ɗin. Ta ce, "To wallahi ni ma da kika gasa ni na ga lahira, kunya ce ta hana ni faɗa." Suka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Na zauna ina tunanin mutum nawa ne suka yi shiru a ƙarƙashin tsummana don kunya, ni kuwa ina ƙara ruwa.

Ƙunar ba ta ruɓe ba, mun gode Allah. Ta bushe, ɓawon ya faɗi, ya bar wuri ja. A mako na shida aka cire robobin. Bakin ya buɗe kaɗan, yatsa ɗaya ke shiga. Maganar farko da ta yi mini, da murya kamar ta mai mura, ita ce, "Kaka, na manta ba kya karatu. Kwana shida ina rubuta wa kowa."

Na ce, "Ni kuma na gyaɗa kai kamar na gane."

Kumburi ya ci gaba da sauka a hankali, wata bayan wata, sai ga wata fuska ta fito da ban san ta ba. Kyakkyawa ce, ban musa ba. Amma haɓar maigidana ta tafi, na neme ta na rasa. Wani lokaci ta shigo sai in ɗago in yi shirin gaishe da baƙuwa. Abin da ke gaya mini ita ce, sai tabon.

Likita ya ce a riƙa gwada wurin. Na samo gashin kaza mai laushi. Kullum in na zo Samaru sai ta rufe ido, in shafa mata a leɓe, in sauko haɓa, in ce, "Nan fa?" Ta ce a'a. "Nan fa?" A'a. Wata uku muna haka. A na huɗu ta ce tana jin kamar tururuwa na yawo a ciki. Wata safiya na shafa gefen hagu ta ture hannuna ta ce, "Kai Kaka, cakulkuli!" Na sake shafawa, ta sake turewa. Na zauna a bakin gado na rufe fuska da ɗankwali.

Wayar ta ƙara kusan shekara kafin a cire. Ranar da aka cire, daga wurin likita Sabon Gari ta wuto, ta same ni a bakin kasko. Ta ɗauki ƙosai ɗaya, na fizge, na kai shi gwiwar hannuna tukuna. Masu jiran saye suna kallona kamar na taɓu. Na mayar mata. Ta kai baki ta gatsa da haƙoran gaba, ta nuna mini ragowar, ga sawun haƙora a jere.

Tabon yana nan, ƙasa da leɓe ta dama, kamar faɗin farcen ɗan yatsa, ya fi sauran fatar haske. In ta shafa hoda ba ya fita sosai. Ji ya dawo ko'ina sai daidai wurin. Likita ya ce mai yiwuwa jijiyar ce ba ta gama farkawa ba, ba lallai ƙunar ba ce. Na ji shi, amma ban sani ba. Gashin kazar yana ƙulle a bakin zanena inda takardar nan ta zauna. Jiya ma da ta zo da littafinta don mu ƙarasa wannan, na ce ta rufe ido. Na shafa a kan tabon na ce, "Nan fa?"

Ta yi jim, ta ce, "Sake, Kaka."